Muhawara: Sauya kalmar sirri duk wata uku, kariya ce ko wahala?

Akawu, Mabera:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon masanan da ke cikin wannan zaure game da wata matsala da ta hana ni aiki tun safiyar Litinin. A wurin aikinmu doka ce kowane ma'aikaci ya sauya kalmar sirrinsa duk bayan kwana 90, kuma idan wa'adin ya matso kwamfuta takan riƙa tuna wa mutum. Ranar Alhamis da ta wuce na ga saura kwana uku, don haka da na koma gida na sauya ta a wayata bayan sallar isha'i, aka kuma nuna mini cewa sauyin ya karɓu. Da na zo ofis ranar Litinin na rubuta sabuwar, kwamfuta ta ce ba ita ba ce. Na rubuta tsohuwar, ita ma aka ƙi ta. Na sake gwadawa, sai aka kulle asusun gaba ɗaya. Yaron da ke kula da kwamfutocinmu ya buɗe mini, ya ba ni wata kalmar ta wucin gadi, na sauya ta a gabansa na kama aiki, amma kafin in dawo daga sallar azahar an sake kullewa, alhali ko kusa da teburina babu wanda ya je. Jiya Talata ma haka muka wuni, a buɗe a kulle har sau uku, ga lissafin albashin wata yana jirana.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne a cikin makon nan ne kuma wani saƙon imel ya shigo mini yana cewa kalmar sirrina za ta mutu cikin sa'o'i 24, in latsa wani wuri in sabunta ta. Tambayata biyu ce. Me ke kulle mini asusu? Sannan wannan sauye-sauyen na duk wata uku, wanda na shekara tara ina yi har kalmomi sun ƙare mini, yana da amfani na gaske ko kuwa al'ada ce aka gada?

Injiniya, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Kafin mu zo kan kullewar, saƙon nan na imel ya fi damuna, saboda haka ina roƙon ka amsa mini tsakani da Allah ko da akwai jin kunya a ciki. Ka latsa wurin da aka ce ka latsa? In ka latsa, ka rubuta wani abu a shafin da ya buɗe? Ka duba cikakken adireshin wanda ya aiko, kada ka tsaya ga sunan da ya fito a sama, domin suna kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. Ka kuma gaya mini wayoyi da kwamfutoci nawa ka taɓa sanya imel ɗin ofis a cikinsu, har da waɗanda ka daina riƙewa, sannan ko akwai ƙ, ɗ ko ɓ a cikin kalmar da ka sa ranar Alhamis. Ita kalmar kanta kada ka rubuto ta a nan.

Akawu, Mabera:
Injiniya, na latsa, ba zan ɓoye maka ba. Shafin ya buɗe da tambarin ma'aikatarmu da launinta, har na fara rubuta sunana sai sabis ya ɗauke, na ajiye wayar da niyyar in dawo kai, Allah da ikonsa na manta. Yanzu da na duba adireshin na ga harafi ɗaya ya bambanta da namu. Batun baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, akwai ƙ har guda biyu, kuma da gangan na sa su, don na ɗauka ɓarawon da ba ya jin Hausa ba zai taɓa cankar su ba. Waya kuma, ina jin wannan ta hannuna ce kaɗai.

Injiniya, Arkilla:
To alhamdu lillahi, yau ɗaukewar sabis ta yi maka rana. Wancan saƙon tarko ne, kuma ya kamata ka nuna shi ga mai kula da kwamfutocinku yau ɗin nan, domin da wuya a ce kai kaɗai aka aika wa.

Ƙin karɓar sabuwar kalma ranar Litinin, ina kyautata zaton ƙ ɗin nan ne. Wayarka tana aika ƙ ta gaskiya, wadda a wurin kwamfuta harafi ne dabam da k kamar yadda gero ya bambanta da dawa. A kwamfutar ofis kuwa, yawancin waɗanda suka koyi buga Hausa da tsofaffin salon rubutu suna danna maɓallin } ne, sai allo ya nuna musu ƙ, alhali abin da na'urar ta adana } ne. Wannan ne dalilin da ya sa har yau mukan ci karo da tsofaffin labaran jaridu a intanet an rubuta "}asa" da "]aya". A cikin akwatin kalmar sirri ɗige-ɗige kawai kake gani, don haka babu yadda za ka gane cewa yatsanka ya aika wani abu dabam. Haka ma waƙafin sama da muke sa wa kalmomi irin su ma'aikata ko 'ya'ya, wasu wayoyin suna da mai lanƙwasa, kwamfuta kuma miƙaƙƙe take sakawa, kuma ba ɗaya ba ne a lissafinta. Shawarata ga duk mai shiga asusu ɗaya ta na'urori mabambanta ita ce ya tsaya ga baƙaƙen da ke kan kowane allon rubutu, ya nemi ƙarfin kalmar ta wajen tsawonta.

Kullewar da ake ta maimaitawa kuwa wata cuta ce dabam. Akwai wata na'ura a wani wuri da har yanzu take ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon makulli. Manhajar imel takan gwada shiga da kanta duk bayan 'yan mintoci, kuma idan kalmar da ta haddace ta tsufa, kowane gwaji ana ƙirga shi a matsayin kuskure, har adadin ya cika a kulle ka kana cikin sahu. Ka sake tunani a kan wannan "ina jin" da ka ce. Ka kuma sa yaron ya duba kundin da babbar kwamfutarku ke rubuta duk wani yunƙurin shiga, zai ga daga ina ake gwajin.

Ba na cewa laifin na mai amfani ne kullum. Na sha ganin ma'aikatun da ke da rumbuna biyu na kalmomin sirri waɗanda ba sa jituwa nan take, sai mutum ya sauya a ɗaya, ɗayan yana nan a kan tsohuwar har ya yanke hukuncin wa'adi ya cika. Na ga inda agogon babbar kwamfuta ke kan lokacin GMT, wanda ke bayan namu da sa'a ɗaya, sai ƙirgen kwanakin ya saɓa. Akwai kuma tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, da an ɗauke wuta sai su farka a wata shekarar, kuma tsarin tantancewa na Windows da ofisoshi ke amfani da shi, a yadda ya zo, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin agogo biyu.

Ma'aikaciyar banki, Gawon Nama:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in amsa tambaya ta biyu, domin na hango inda zaure zai karkata, kuma ni ina ɗaya gefen. Malam Akawu, wahalar da ka sha gaskiya ce, amma kuskuren na'ura ba ya zama hujjar rushe doka. Mutum ba ya sanin ranar da aka sace masa kalmar sirri, domin ba akuya ba ce da za a wayi gari a ga turke babu komai. Ana iya sace ta tana nan a hannunka, ɓarawo yana shiga yana karanta saƙonninka wata da watanni. Wa'adin kwana 90 yana yanke masa wannan jin daɗin. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya game da ofisoshinmu: oga yakan ba sakatare kalmarsa, sakatare ya ba ɗan bautar ƙasa, ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya koma garinsu da ita a kansa. In ba don wa'adi ba, wa zai tuna ya sauya? A ɓangarenmu ma ba zaɓi ba ne, domin ƙa'idojin PCI DSS, waɗanda manyan kamfanonin katin kuɗi na duniya suka gindaya wa duk mai taɓa bayanan kati, sun daɗe suna wajabta sauyin a cikin kwana 90, kuma masu binciken da ke zuwa duba mu suna tambaya a kai.

Dakta, Dundaye:
Malama, hujjarki ita ce hujjar da kowa ya yarda da ita shekaru da yawa, kuma ba ta rasa ma'ana ba. Abin da ya rushe ta shi ne lokacin da aka zauna aka duba abin da mutane ke yi a zahiri idan an tilasta musu sauyi. A shekarar 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill a Amurka sun samu tsofaffin kalmomin sirri na asusu fiye da 7,700 na mutanen da suka riga suka bar jami'ar, waɗanda aka riƙa sa su sauyawa duk wata uku. Suka tambayi kansu: in ɓarawo ya san kalmar da ta gabata, yaya sauƙin cankar wadda ta biyo baya? Sun gano cewa a kashi 17 cikin ɗari na asusun ana cankar ta a gwajin da bai wuce biyar ba, in kuwa ɓarawon ya samu rumbun a hannunsa yana gwaji da na'ura, kashi 41 cikin ɗari suna faɗuwa cikin daƙiƙa uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma ina roƙon kowa a zauren nan ya tambayi zuciyarsa. Wanda ya fara da Sakkwato1 yakan koma Sakkwato2, wanda ya sa sunan 'yarsa da watan Janairu yakan koma sunan 'yarsa da Afrilu. Ɗan bautar ƙasar nan da kika ambata, in ya san ta bara, ya san ta bana.

A kan haka ne hukumar NIST ta Amurka, wadda duniya ke kwaikwayon ƙa'idojinta a wannan fanni, ta fitar da kundinta mai lamba 800-63B a 2017, inda ta ce kada a riƙa tilasta sauyi don kawai wasu kwanaki sun cika, sai in akwai alamar an sace kalmar. Ta kuma janye daga dokar nan ta dole sai an cakuɗa babban baƙi da ƙarami da lamba da alama. A shekarar ce Bill Burr, jami'in da ya rubuta shawarwarin farko na hukumar a 2003, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar mafi yawan abin da ya rubuta. Hukumomin tsaron intanet na Birtaniya sun ma riga Amurka faɗin haka. A 2019 kamfanin Microsoft ya cire wa'adin daga jerin matakan tsaron da yake ba ma'aikatu shawara a kai, bayan shekarun da Windows ya yi yana zuwa da wa'adin kwana 42.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin labarin Malam Akawu kansa. Me ya sa akawu mai shekara tara a bakin aiki, wanda ba ya barin kwabo ya ɓace masa a lissafi, ya latsa saƙon ƙarya? Saboda ma'aikatarsa ce ta horar da shi. Sau 36 ke nan ana aiko masa da saƙo mai cewa wa'adinka ya kusa, yi sauri ka sauya, kuma ya ga cewa tsarin yakan rikice har ya ce wa'adi ya cika alhali an sauya. Da saƙo na 37 ya zo daga hannun ɓarawo, da me zai bambanta shi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar mu muka yi ta da hannunmu.

Ma'aikaciyar banki, Gawon Nama:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Batun Sakkwato1 da Sakkwato2 ba zan musa ba, domin ni kaina da nake wannan magana akwai lamba a ƙarshen tawa. Zan ma ƙara maka hujja: bugun PCI DSS na 2022 ya sassauta, ya bar wajabcin kwana 90 ga inda kalmar sirri ita kaɗai ce makulli, ya kuma ɗaga mafi ƙarancin tsawo zuwa baƙi 12. Inda ban sauka ba shi ne nan: shawarar NIST dunƙule take. Ta ce a daina wa'adi, amma ta ce a riƙa tace kowace sabuwar kalma da jerin waɗanda aka riga aka sace, a taƙaita yawan gwaji, a ƙara mataki na biyu na tantancewa, wato wata lamba ko shaida bayan kalmar sirri, inda abin ke da muhimmanci, a kuma tilasta sauyi da zarar an ga alamar kutse. Ma'aikatu nawa ne a garin nan ke da wanda zai ga wannan alamar? Ofishin da yaro ɗaya ke kula da kwamfuta da janareta da na'urar buga takardu, in ya ɗauki rabin shawarar mai daɗi ya bar rabin mai wuya, ya saki reshe ya kama ganye.

Dattijo mai ritaya, Ƙofar Rini:
'Ya'yana, Allah shi yi muku albarka, na karanta duka ko da ban fahimci rabi ba. Ni shekaruna sun wuce na haddace-haddace, saboda haka ina da wani ɗan littafi da nake rubuta lambobina a ciki, na banki da na fansho da na waya, yana cikin akwatin da nake ajiye takardun gida. Jikana ya ce wannan ganganci ne. Ina son Injiniya ya raba mu gardama. Na biyu, watan jiya wani ya kira ni da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunana da ranar haihuwata, ya ce BVN ɗina wa'adinsa ya ƙare, za a rufe mini asusu kafin la'asar in ban karanto masa lambar da za ta shigo wayata ba. Na ce masa ya bari in hau Keke Napep in zo ofishin nasu mu yi magana ido da ido, sai ya kashe waya. Shin BVN ɗin ma yana da wa'adi? Na uku, wanda ya fi damuna: in ta Allah ta kasance, yaya magada za su san abin da ke cikin waɗannan asusun, tunda an ce kada a gaya wa kowa?

Ma'aikaciyar banki, Gawon Nama:
Baba, ranka shi daɗe, ka yi daidai. BVN, tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shi a 2014, lamba 11 ce da mutum ke riƙewa har abada, ba ta da ranar mutuwa. Katin cirar kuɗi ne ke da wa'adi, kuma yana rubuce a jikinsa. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka ko lambar da ta shigo wayarka, ko da kuwa ya san sunan kakanka.

Injiniya, Arkilla:
Baba, ranka shi daɗe, a wannan gardamar ina bayanka, jikanka ya yi haƙuri. Ɓarawon da ke wata ƙasa yana gwada miliyoyin asusu a dare ɗaya ba zai iya buɗe akwatinka na Ƙofar Rini ba. Littafin da ke kulle a gida, wanda ya ba ka damar sa wa kowane asusu kalmarsa dabam, ya fi kalma ɗaya tilo da aka haddace aka baza ko'ina. Sharaɗinsa shi ne kada ya fita gida, kada a ɗauki hotonsa a waya, kuma kada lambar katin banki ta kwana jaka ɗaya da katin. Abin da nake yaƙi da shi shi ne 'yar takardar da ake liƙawa a jikin kwamfutar ofis, kuma na lura ta fi yawa a inda ake tilasta sauyi. Matasa masu asusu talatin ko arba'in, su manhajar adana kalmomin sirri ta fi dacewa da su, ko da yake ita ma ba ma'asuma ba ce, domin a 2022 masu kutse sun kwashi rumbunan abokan hulɗar LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, kuma waɗanda babbar kalmarsu ke da rauni su suka fi shiga haɗari.

Batun magada, kuɗin banki ba da lambar sirri ake gadonsa ba, ta hanyar kotu da takardun rabon gado ake bi, don haka abin da suke buƙata shi ne su san bankunan da lambobin asusun. Wannan ka rubuta shi tare da wasiyya. Imel da hotuna kuwa, Google yana da wurin da mutum zai zaɓi wanda za a miƙa wa bayanansa in ya daɗe bai shiga ba, Facebook ma yana da makamancinsa.

Hajiya mai atamfofi, Babbar Kasuwa:
Ni abin da ya same ni ba ruwansa da wa'adi, amma ina ganin dangin juna ne. Ana saura kwana goma Sallah, kasuwa ta cika, wata mata ta kira ni ta ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa mata take, za a yi taro ta waya a kan tallafi, an turo mini lamba shida ta shiga taron, in karanto mata. Hannuna ɗaya na riƙe da atamfa, mai saye na tsaye, na karanto. Kafin in naɗe atamfar WhatsApp ɗina ya fita daga wayata. A wunin nan an bi abokan cinikina na Illela da Ƙonni da Tambuwal ɗaya bayan ɗaya da sunana da hotona ana neman rance, kuma biyu daga cikinsu sun tura, domin ba su taɓa jin na roƙa ba. Kuɗin na biya su, amma kunyar har yau ban gama biya ba. Daga baya ɗana ya kunna mini abin nan na tabbatarwa mai mataki biyu, inda na zaɓi wata lamba shida tawa ta kaina. Malama ta ce mataki na biyu shi ne magani, to ni ga shi da bakina na miƙa shi.

Ma'aikacin lafiya, Goronyo:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ina da ƙari a kan mataki na biyun nan, domin masu tsara shi suna ɗauka kowa na da sabis. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, wa'adin kalmar sirrin shafin da nake tura rahoton aiki ya cika. Na shigo birni na samu intanet a kwamfutar wani abokina, sai aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa layina, layin kuma na bar shi a gida wajen iyali. Tafiya biyu na yi a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau, saboda wata doka ta kwana 90. Ina kuma da maƙwabcin da ya bar layinsa ya daɗe ba ya amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani, alhali duk asusunsa a kan layin suke.

Injiniya, Arkilla:
Wannan shi ne raunin lambar da ke zuwa ta saƙon tes: tana buƙatar sabis, ana iya yaudarar mutum ya karanto ta, kuma in wani ya yi wa layinka welkam-bak da takardun ƙarya, lambar za ta riƙa shiga wayarsa. Duk da haka ta fi babu nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ta shi ne manhajar tantancewa irin su Google Authenticator, wadda ke ƙirƙiro lamba shida a cikin wayar kanta duk daƙiƙa 30 ba tare da sabis ko data ba, muddin agogon wayar daidai yake. Da ita ce a hannunka a 2021, da tafiya ɗaya ta ishe ka. Ranar da mutum ya kunna ta, ya karɓi lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa, Google guda goma yake ba da su, ya rubuta su a littafi irin na Baba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar Hajiya kuwa, maganinta na asali shi ne makullin da ba shi da abin karantowa. Tun 2022 Apple da Google da Microsoft suka haɗu a kan wani tsari inda wayar ce ke riƙe da makullin, kai kuma ka buɗe da yatsa ko fuska, kuma makullin ba ya aiki a shafin jabu ko da ya yi kama da na gaskiya kamar an tsaga kara. Kafin ya game ko'ina, kowa ya sa wa sim ɗinsa lambar sirri, domin mai ƙwacen waya sim ɗin yake nema ya zura a wata wayar ya shiga banki ta lambobin USSD. A yi hattara dai wajen sawa: kuskure uku yana kulle sim sai da lambar PUK, kuskure goma a PUK yana kashe shi.

Mai kafe, Runjin Sambo:
Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗi tamu. Lokacin rajistar JAMB ko neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, yara sukan zo ba su da imel, mu muke buɗe musu, kuma saboda layi ya yi tsawo, lambar wayar yaron ko sunansa da shekarar haihuwarsa muke sa masa a matsayin kalmar sirri. Nakan ce ya sauya in ya koma gida, amma cikin goma da wuya ɗaya ya sauya, hasali ma bayan shekara sukan dawo su tambaye ni mece ce kalmarsu, kamar ni ne ma'ajinsu. Ina da littattafai uku cike da sirrin 'ya'yan mutane, kuma ba na jin daɗin hakan. A nan ina ganin Malama tana da gaskiya: da a ce tsarin yana tilasta wa yaron sauyawa, da kalmar ta fita daga hannuna.

Dakta, Dundaye:
Malam mai kafe, abin da kake nema sauyi ne sau ɗaya, a shigar farko, saboda wani ya san kalmar, kuma wannan babu mai jayayya a kansa. Shi ne ainihin sauyi bisa dalili. Littattafan nan kuma ka nemi hanyar rabuwa da su, domin tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a 2023, mai riƙe da bayanan mutane yana da alhaki a kansu a gaban hukuma.

Na kuma karɓi gyaran Malama cewa shawarar dunƙule take. Abin da zan ƙara shi ne wanda ya fi wa'adi haɗari, wato maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa. An kutsa LinkedIn a 2012, sai a 2016 aka fito da bayanan asusu kusan miliyan 117 ana sayarwa, kuma a shekarar aka shiga shafukan Mark Zuckerberg na Twitter da Pinterest, masu kutsen suka ce kalmarsa ta LinkedIn suka gwada, wato "dadada". In mai Facebook ya faɗa wannan ramin, babu wanda ya fi ƙarfinsa. Akwai shafin Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013, inda mutum zai sa adireshin imel ɗinsa ya ga ko ya fito a cikin bayanan da aka sace.

Ga mai neman kalmar da zai iya riƙewa, ya haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su. In daga cikin kalmomi 2,000 aka zaɓo huɗu ba tare da son rai ba, hanyoyin haɗa su sun kai tiriliyan 16. Kada dai ya ɗauko karin magana ko baitin waƙa ko aya, domin abin da mutane da yawa suka haddace ba sirri ba ne, kuma 1804 da 1903 a ƙarshen kalmar Basakkwace ba su da wuyar canka. Wadda ta fi kowace tsawo a ba imel, tunda ta cikinsa ake sake saita sauran.

Akawu, Mabera:
Jama'a, na gode, Allah ya saka da alheri, kuma ga yadda ta kaya. Injiniya, ka canka. Da yaron ya duba kundin, sai ya ga wata waya tana gwada shiga da sunana duk bayan minti goma sha biyar. Tsohuwar wayata ce da na ba uwargida bara da azumi, na goge hotuna da lambobi amma na manta da imel ɗin ofis, wato takardun albashin ma'aikata suna cikin wayar da yara ke kallon katun da ita. Abin da ban gane ba da farko shi ne me ya sa ba ta kulle ni a sauye-sauyen baya ba, sai uwargida ta tuna mini cewa wayar ta yi watanni a ajiye allonta a fashe, makon jiya aka gyaro ta. Na cire imel ɗin daren jiya, yau kuma har la'asar ba a kulle ni ba.

Saƙon tarkon kuwa, ashe mu goma sha ɗaya aka aika wa, kuma uku sun rubuta kalmominsu a ciki, ɗaya ma daga ofishin kuɗi yake. An sauya musu yau da safe, ana kuma duba abin da aka taɓa. Na kai wa daraktanmu maganar Dakta da ta Malama duka biyu, ya ce dokar kwana 90 daga wata takardar umarni ta zo tun kafin zuwansa, in ina da magana in rubuto a takarda. Zan rubuta, kuma zan fara da neman mataki na biyu kafin in nemi a cire wa'adin, kamar yadda Malama ta nuna. Dakta, zan neme ka ta gefe ka duba mini ita kafin in miƙa. Sabuwar kalmata kalmomi biyar ce, babu ƙ ko ɗaya a ciki, kuma kwamfuta ta riga ta sanar da ni cewa saura kwana 88.